Ido Ba Mudu Ba

Litinin, takwas da rabi, ɗaki na goma sha huɗu.
Ruwan Porto bai ɗauke ba tun daren Asabar.
Farfesa Carvalhais ya rataye rigar ruwansa,
ya rubuta kalma ɗaya a allo: kyau.
Ya ja mata layi biyu,
ya juyo yana dubanmu kamar mai bin bashi.

Telmo ya ce daidaito ne, hagu ta amsa wa dama.
Ivone ta ce ƙarya ce, masu hali suka ƙago ta
don a gane wa ya yi karatu, wa bai yi ba.
Ni ina can baya, ina kankare siminti daga hannun rigata,
don da asuba ni na riƙe wa babana tsani.

Belmiro sunansa. Gyaran tayil yake yi,
shuɗin nan da ya rufe fuskar gidajen garinmu.
Shekara talatin da ɗaya yana hawa bangon mutane,
bai taɓa shiga gidan adana zane ba
sai ranar da rufinsu ya yi yoyo.

Mun sha karatu har wuya.
Wani ya ce kyau shi ne abin da ka kalla ba ka yi kwaɗayinsa ba.
Wani ya ce a idonka yake, abin bai san yana da shi ba.
Wani ya cika shafi ɗari shida yana ƙaryata su biyun,
ya mutu bai kai ƙarshe ba.
Aka kashe fitila, majigi ya hasko tuffa uku a faranti,
minti arba'in muna kallon tuffa,
cikina yana ta tasa laccar.

Da dare, kan miyar kabeji, na tambaye shi:
Baba, mene ne kyau?
Ya ce, miƙo gishiri.

Sai ran Asabar ya ce in ɗauko bokiti.
Muka gangara lungun da ke kallon kogin Douro,
gidan Dona Ermelinda, mai shanya a taga.
Bango guda, fure bayan fure, ɗari huɗu ko fiye,
kowanne ya sunkuya gabas.
Ɗaya tak, sama da ƙofa, ya ba su baya.

Ni na sa shi, in ji shi, ina ɗan koyo.
Maigidana ya ja kunnena har na ga taurari,
ya ɗauko guduma, matar ta leƙo ta ce a bar mata abinta.
Tsaya ki gani.

Muka tsaya. Mai kai wasiƙa ya wuce, idonsa ya maƙale a wurin.
Wata da jakar burodi ta rage tafiya.
Yaro ya nuna da yatsa, uwarsa ta ja shi.
Ba wanda ya san me ya taɓa shi.

A kan furen nan na rubuta jarrabawata,
shafi tara, hannuna na rawa.
Takarda ta dawo da maki sha biyu cikin ashirin,
da jan biro: Ina hujja? Ina manazarta?
Can ƙasa kuma, da fensir, ƙanana kamar mai jin kunya:
Wane lungu ne?

Mako biyu bayan nan, ana yayyafi,
na hango rigar ruwan da na sani
tsaye gaban gidan, kai a karkace,
tabarau a hannu, baki a sake.
Babana na bisa tsani a gidan maƙwabta.
Bai san shi ba. Ya leƙo ƙasa ya ce,
Malam, ɗan matsa gefe,
siminti zai zubo maka.